Jari A Kasuwa, Kaya A Ɗaki: Ina Kuɗin Magidanci Ke Tafiya?

Daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023 aka sake garƙame iyakar Nijar, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A tsakanin nan aka cire tallafin man fetur a Najeriya, abin da ya raunana cinikin ruwa-ruwa, sannan dalar Amurka wadda a farkon 2023 gwamnati ke canzawa a kan kimanin naira 460 ta haura naira 1,500 a 2024. 'Yan kasuwar Jibiya da Ɗan Isa, Illela da Ƙonni, Maigatari da Dungas ba sa buƙatar a ba su wannan labari, domin a jikinsu aka yi shi.

Abin da ba a cika tattaunawa a rumfa ba shi ne dalilin da ya sa mutum biyu masu jari kusan ɗaya, a layi ɗaya, wani ya miƙe da aka buɗe hanya, wani kuwa har yau zaman benci yake yi a shagon ɗan'uwansa. Sau da yawa idan aka bi diddigi, amsar tana cikin gida.

Gidan Bahaushe gida ne na yara. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa mace guda kan haifi 'ya'ya fiye da bakwai a matsakaicin lissafi, jihar Maraɗi ma ta zarce haka. Ke nan duk wata al'adar kashe kuɗi da magidanci ya ɗaukar wa kansa, sai ya ninka ta sau shida ko bakwai. Idan ya saba ɗinka wa kowane yaro shadda kala biyu a ƙaramar Salla, ya sake a babba, ga takalma ga huluna, to abin da ya fita ya isa sarin buhunan gero. Kafin shekara ta zagayo rigar ta yi wa yaron kaɗan. Iyayenmu sun san maganin wannan: a ɗinka da ɗan girma, a ninke ƙafar wando, idan ya tsawaita a warware, in ta gaza masa ƙaninsa ya gada. Babu wanda ya taɓa jin kunyar haka sai a 'yan shekarun nan.

Sai dai kayan Salla wasa ne idan aka kwatanta da kayan ɗaki. A nan ne jarin mutane da dama ke nitsewa. Ya kamata a yi wa kakanninmu adalci, domin jeren da suke yi wa amarya yana da hikimarsa. Da farko ƙore ne, daga baya aka koma kwanoni da tasoshi da langa-langa, kuma duk ajiya ce ta mace. Idan rana ta ɓaci, ko aure ya mutu, ko lokacin aurar da tata 'yar ya zo, sai ta sauke su ta sayar ko ta miƙa. Wato asusu ne da aka jera a bango. Kayan yau kuwa fa? Gado da kabad na katakon da aka manna da gam, wanda damina biyu ke kumbura shi, da kujerun kushin da ba su shiga ɗakin sai an cire ƙyaure, da tarin robobin da ba za a taɓa buɗewa ba. Ranar da aka kai su kasuwa ba za su yi rabin kuɗinsu ba. An riƙe sunan al'adar, amma amfaninta ya tafi.

Ba yau aka fara kuka da tsadar aure ba. Tun zamanin Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, hukuma ta yi yunƙurin ƙayyade sadaki, malamai ma sun sha yin wa'azi a kan almubazzaranci a biki da suna. Abin bai yi nisa ba, saboda ba doka ce ke tilasta wa uwa ta ci bashi ba, gori ne. Ita za a nuna a gidan biki, kuma 'yarta ce za ta zauna da kishiya ko faccala mai ɗaki cike. Namijin da ya zauna a kasuwa yana cewa mata ne masu ɓarna, ya tuna cewa shi ma yakan sayi babbar riga da waya mai tsada don kada masu ba shi kaya bashi su ɗauka ya karye. A kasuwarmu ana auna mutum da ido kafin a auna shi da magana, wannan gaskiya ce. Amma dillalai da iyayen gida sun fi kowa sanin cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma wanda ya biya a kan lokaci shi ake sake ba wa kaya ko da jamfa ɗaya yake maimaitawa.

Rage kaya ba rowa ba ne, kuma akwai wuraren da bai kamata a taɓa ba. Mai karatu ya duba watannin Agusta zuwa Oktoba. A lokacin ne tiyar gero ta fi tsada kafin sabo ya shigo, a lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, sannan da shigar Oktoba a koma lakwal, ana neman littattafai da alƙaluma. Gidan da ya ƙarar da ƙarfinsa a biki cikin rani, a nan yake ɗebo kuɗin magani daga uwar kuɗi. Wanda kuwa ya sayi hatsinsa da kaka ya adana, ya tanadi gidan sauro, ya ware wasu jikkuna don asibiti, shi ke fita daga damina da jarinsa cikakke. Fura da tuwo da ɗanwake da kwaɗon zogale sun raini manyan alhazan Maraɗi da Damagaram, ba su kuma rage su da komai ba. Yaron da aka saba masa da Indomie da lemon kwalba kullum, ranar da babu shi ne zai fi shan wahala.

Yara kansu sun fi fahimtar abin idan aka sa su a ciki. Ɗan da ke zuwa rumfa ranar da babu makaranta, yana ganin yadda ake ciniki a kan dala biyar, ba zai raina kuɗi ba. A ƙauyukan bakin iyaka har yanzu akwai gidajen da ake saya wa yaro akuya maimakon abin wasa, shi ke ba ta dusa, shi ke kai ta kiwo. Akuya kan haihu bayan wata biyar da ɗaukar ciki, sau da yawa biyu-biyu, don haka kafin ya gama firamare yana da ɗan garkensa, kuma daga ciki ake yi masa kayan Salla.

Haka wasu iyalai ke yi wajen aurar da 'ya mace. Iyayen ɓangarorin biyu kan zauna tun kafin a sa rana, su amince a kan gado da katifa da kayan girkin da za a yi amfani da su, ragowar kuɗin kuma a saya wa amarya keken ɗinki, ko tumaki biyu, ko 'yan kunnen zinari da za ta iya sayarwa a Ƙonni ko a Sakkwato, da sefa ko da naira. Wuyar abin ita ce wa zai fara furtawa, domin dangin amarya na tsoron a ce gazawa suka yi. Shi ya sa maganar ta fi tafiya idan daga bakin uwar ango ta fito.