Kayan Oda Ya Yi Jinkiri: Laifin Mai Kaya Ne Ko Na Hanya?



A zangon karatun da ya wuce na yi odar wasu 'yan kayan firojek a wata kasuwar intanet: na'urar auna zurfin ruwa guda biyu da ƙaramin allon Arduino. Aikin da aka ba rukuninmu shi ne mu haɗa abin da zai riƙa kashe injin ruwa da kansa idan tanki ya cika. A shafin an rubuta cewa kayan za su iso cikin mako guda, shi kuma sufabaiza ya ba mu mako uku mu kawo masa abin yana aiki. Na ce ai da sauran lokaci. Mako guda ya wuce, na biyu ya bi bayansa, shiru kake ji. Ana saura kwana biyu mu shiga wurin malam, dole muka yi karo-karo na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo wasu a farashin da ya kusa ninka na farko. Kuɗin abincina na sati a nan ya tafi. Ranar da kayan suka iso, kwana ashirin da shida da yin oda, ko kwalin ban buɗe ba na shiga manhajar na danna wa mai kayan tauraro ɗaya, na rubuta masa maganganun da yanzu nake jin kunyarsu.

Bayan 'yan kwanaki ina ta mita a aji, sai wata 'yar ajinmu mai sayar da abaya da mayafai ta intanet ta karɓi wayata ta buɗe bayanan tafiyar kayan. Ta ce, "Malam, duba nan. Washegarin da ka yi oda mutumin nan ya miƙa kayanka. Me kuma kake so ya yi, ya goyo su ya kawo maka?" Da na duba, haka ne. Kayan sun yi kwana goma sha ɗaya a sito a Legas, sun yi wasu kwanaki a hanya, sannan da suka shigo gari ɗan aike ya kira ni sau biyu bai samu ba, saboda tsohon layina na bari a manhajar. Wannan ne ya sa na zauna na bi diddigin yadda harkar take, kuma abin da na gano shi nake so mu raba da ku.

Hannu nawa kaya ke bi?

Idan ka danna oda, kayanka ba daga hannun mai shi zuwa naka yake tahowa kai tsaye ba. Da farko mai kaya zai ga odar, ya ɗauko kayan, ya naɗe, ya kai wurin da ake karɓa. Daga nan sai sito, inda ake ware na kowane gari a jira mota ta cika. Sai doguwar tafiya: daga Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu ne, ga shingayen jami'an tsaro, ga lalacewar hanya da damina, ga direbobi da yawa da ba sa yarda su bi wasu hanyoyin da dare. Ƙarshe sai ɗan aike mai babur, ko wurin karɓar kaya da za ka je da kanka. A duk waɗannan matakai, na farko ne kawai yake hannun mai kaya ɗari bisa ɗari. Sauran kuwa ya danganta da irin kasuwar da ka shiga.

Manyan kasuwanni irin su Jumia da Konga, waɗanda dukkansu suka fara aiki a Najeriya a 2012, yawancin kayan da ke kansu ba nasu ba ne. Kamar Kantin Kwari ne: fili ɗaya, 'yan kasuwa daban-daban. Bambancin shi ne a nan kasuwar ce ke riƙe kuɗinka, kuma galibi ita ke shirya jigilar kayan. Mai kaya yana da wa'adin da zai miƙa kayan. Da zarar ya miƙa, hannunsa ya fita. Akwai ma kayan da tun asali a siton kasuwar suke ajiye, mai su ko ganin odarka bai yi ba aka ɗauko su. Idan irin wannan ya yi jinkiri, kasuwar za ka tuhuma.

Na biyu su ne kayan ƙasar waje, kamar na AliExpress da Temu, waɗanda akasari daga Chana suke tahowa. Waɗannan sai an tara su da na wasu, a jira jirgi, su sauka, su bi ta hannun kwastam, sannan a miƙa su ga gidan waya ko wani kamfanin aike. Kuma suna da lokutan cunkoso. Bikin sabuwar shekarar Chana yana faɗowa ne tsakanin ƙarshen Janairu da watan Fabrairu, kuma masana'antu da shaguna da yawa rufewa suke yi mutane su tafi gida. Haka ranar 11 ga Nuwamba, babbar ranar rangwamensu, da kuma rangwamen ƙarshen Nuwamba da ake yi har a nan Najeriya: oda kan yi yawa fiye da yadda masu jigila za su iya kwashewa a kan lokaci.

Na uku, wanda mu ɗalibai muka fi hulɗa da shi, shi ne cinikin WhatsApp da Instagram da Facebook, da shafukan talla irin su Jiji, inda aikin shafin kawai ya haɗa ka da mai kaya. A nan babu wanda ya tsaya a tsakiya. Kai ka tura kuɗi asusun mutum, shi ya zaɓi direban da zai ba wa a tasha, shi ya san lambarsa. Saboda haka nauyin da ke kan mai kaya a nan ya fi na sauran biyun nesa ba kusa ba.

Inda mai kaya ba shi da mafita

Akwai jinkirin da babu wani uzuri da zai wanke mai kaya daga gare shi. Babba a ciki shi ne tallata abin da ba ya hannunka. Wasu hoto kawai gare su. Sai ka biya sannan su fara neman kayan a Legas ko Aba, ko su yi oda daga Chana, kai kuma an ce maka "gobe in sha Allahu zan saka a mota". Yin odar kaya bayan an biya ba laifi ba ne, sana'a ce da mutane da yawa ke ci da ita, amma sai an gaya wa mai saye tun farko cewa kayan ba ya ƙasa, kuma zai ɗauki mako kaza. Ɓoye wannan yaudara ce.

Haka wanda zai nuna a manhaja cewa ya tura kaya alhali lambar bin diddigi kawai ya ciro, kayan na nan a ɗakinsa. Alamar wannan a fili take: za ka ga an ba ka lamba, amma kwana da kwanaki babu inda ta nuna an karɓi kayan. Sai kuma wanda ya karɓi kuɗin aike na kamfani mai sauri, ya je ya ba wa yaron mota a tasha don ya ci ragowar. Da wanda ya san an samu matsala amma ya yi gum, sai ka kira sau goma kafin ya ɗauka. Alkawari kaya ne. Wanda ya ce kwana uku don ya ja ciniki, alhali ya san sai kwana goma, shi ya ɗauko wa kansa nauyin kwana bakwan nan.

Me doka ta ce?

Abokaina 'yan sashen kasuwanci za su tuna dokar sayar da kaya ta 1893 da muka gada daga Ingila, wadda har yanzu ake karantarwa a darasin dokar kasuwanci. Abu biyu a cikinta sun shafi maganarmu. Idan mai kaya ya ɗauki nauyin aiko da kaya amma ba a yanka rana ba, dole ya aiko cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Sannan idan ya miƙa kayan ga mai jigila don a kai wa mai saye, a bisa asali ana ɗauka kamar ya miƙa wa mai sayen ne, da sharaɗin ya yi yarjejeniya mai ma'ana da mai jigilar, daidai da irin kayan. Wato wanda ya jefa kwamfuta a bayan motar albasa ba zai ce ya sauke nauyi ba.

Akwai kuma dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta hana yaudarar mai saye da bayanin ƙarya, kuma ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a yi masa a kan lokaci, in kuma jinkiri ya zama dole a sanar da shi da wuri. Hukumar na karɓar ƙorafi daga jama'a, har ta intanet.

Wanda ya yi karatun fiƙihu a Islamiyya ma ba baƙon maganar ba ne. Cinikin da za ka biya yanzu a kawo maka kaya daga baya, malamai suna kiransa salam, kuma sun gindaya masa sharuɗɗa: a san siffar kayan, a san adadinsa, a kuma san lokacin da za a kawo shi. Tun ƙarnuka da suka wuce aka gane cewa rashin yanka rana shi ke haifar da rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Namu laifin fa?

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawanmu adireshin da muke rubutawa shi ne "hostal ɗin maza, bayan masallaci", ko "layin mai shayi, gida mai baƙin get". Ɗan aike yana da kaya masu yawa da zai raba a rana; in ya kira ka kana cikin lakca waya a kashe, gaba zai yi, in aka sake gwadawa ba a same ka ba kayan na iya komawa inda suka fito. Wasu kuma su zaɓi aike mafi araha, wanda aka rubuta ƙarara zai kai wata guda, su dawo bayan sati suna zagi. Akwai masu yin odar "biya in ya iso" don gwaji kawai, kaya ya zo su ƙi ɗaga waya. 'Yar ajinmu ta ce wannan ya fi komai ƙona mata rai, domin kuɗin motar zuwa da na dawowa duk daga aljihunta suke fita.

Kuma mu sani tauraron nan da muke dannawa cikin fushi ba wasa ba ne. Da shi kasuwa ke auna mai kaya, da shi masu saye na gaba za su yanke shawara. Mai ƙaramin jari da ya sayar wa mutum goma, tauraro ɗaya daga mutum biyu ya isa ya kashe masa ciniki.

Abin da ya kamata ka yi

Kafin ka biya, duba daga ina kayan zai taso, cikin gida ne ko waje. Idan cinikin WhatsApp ne, tambayi mai kayan a rubuce: kayan na hannunki yanzu? Yaushe za ki saka a mota? Wace tasha? Amsar da aka ba ka a rubuce ita ce hujjarka gobe, don haka kada ka goge hirar, ka kuma ajiye shaidar tura kuɗi. Gyara lambar wayarka da adireshinka. In akwai wurin karɓar kaya kusa da makaranta, shi ya fi wa ɗalibi sauƙi.

Idan rana ta wuce kaya bai zo ba, fara neman abu ɗaya: yaushe kayan ya bar hannun mai shi? In bai bari ba, da shi za ka yi, kuma kana da hujjar neman a soke odar a mayar maka da kuɗinka. In ya bari a kan lokaci kuma kasuwar ce ke jigila, kai ƙorafinka ga kasuwar ta cikin manhaja, da lambar odarka. In kuwa shi ya zaɓi direban, aikinsa ne ya bi sawu har kayan ya iso; "ai na ba direba" ba amsa ba ce. Sannan ka kiyaye abu biyu a manhajojin da ke riƙe kuɗi. Kada ka taɓa danna cewa ka karɓi kaya alhali bai zo ba, ko da mai kayan ya roƙe ka, domin wannan dannawar ce ke sakar masa kuɗin. Kuma damar shigar da ƙorafi tana da wa'adi. Wasu masu wayo za su yi ta ce maka "ƙara haƙuri kaɗan" har wa'adin ya ƙare.

Ni dai na koma na aika wa mutumin saƙo na ba shi haƙuri. Amsar da ya ba ni gajeriya ce: ya gode, ba komai. Na'urorin suna nan a cikin kwalinsu, na yi niyyar barin su ga 'yan ND1 da za su yi firojek baɗi. Shawarata gare ku ita ce, ranar da aka amince da taken aikinku, a ranar ku lissafa abin da za ku saya daga nesa ku yi odarsa, ku kuma ninka kwanakin da aka rubuta muku sau biyu a lissafinku. Malam ba zai ɗage ranar difens don kayanku na sito a Legas ba.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa mu gama lafiya.