Ƙyallen Tela da Ƙwaƙwalwar Yaro: Wasan Haɗa Launuka a Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari a Fagge, ko layin teloli a kasuwar Sabon Gari, zai ga guntayen yadi iri-iri zube a ƙasa. Wannan maƙala za ta nuna yadda waɗannan ƙyallaye za su zama kayan koyo ga yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu, da kuma dalilin hakan a ilimin halittar ɗan Adam.

Yadda ido ke gane launi

A bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyin halitta iri uku masu karɓar launi. Wani iri ya fi amsa hasken shuɗi, wani kore, wani kuma ja. Ƙwaƙwalwa ce ke auna saƙon ukun ta fitar da launi guda. Jariri ɗan wata huɗu ya riga ya fara bambance launuka, amma kiran sunayensu daidai yakan jinkirta har wajen shekara uku ko huɗu. Wato yaro yana iya haɗa ja da ja tun kafin ya iya cewa "ja". Saboda haka da haɗawa ake fara wasa, suna ya biyo baya.

Yadda yatsu ke ƙwarewa

Tsakanin wata tara zuwa goma sha biyu, yaro yakan fara ɗaukar ƙaramin abu da babban yatsa da manuniya. Wannan na faruwa ne yayin da jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa zuwa laka ke samun rufin kitse mai hanzarta saƙo. Maimaita tsinta da ajiyewa na ƙarfafa hanyoyin, kuma su ne ginshiƙin riƙon alƙalami a makarantar allo da fensir a firamare. Likitar nan ta Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta a birnin Rum a 1907, ta yi amfani da ƙananan alluna masu launi don wannan manufa.

Yadda za a shirya wasan

A yanka kwali gida shida daidai tafin hannu. A liƙa jan ƙyalle a biyu, shuɗi a biyu, rawaya a biyu. A ɗaga guda a ce wa yaro, "Nemo mini ɗan'uwansa." In ya gwane, sai a kawo kofunan roba uku masu waɗannan launuka, ya riƙa jefa kowane ƙyalle a kofinsa. Daga baya a ba shi manyan kwarkwaron zare ya zura a gajeriyar igiya, sannan a ƙaro kore da ruwan goro. Minti goma sun isa.

Abin lura

Kada a ba yaron da bai kai shekara uku ba wake, maɓalli ko duk abin da faɗinsa bai wuce santimita uku ba, domin yana iya shaƙe shi. A guji ragowar fentin gini, don wani yana ɗauke da dalma mai lalata ƙwaƙwalwa. Gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara a 2010. Bugu da ƙari, idan yaro ya wuce shekara huɗu yana rikita ja da kore kullum, kada a dake shi. Mai yiwuwa makantar launi ce, wadda ake gado, ta kuma fi yawa ga maza. Sai a kai shi asibitin ido a duba.

Kammalawa

Muna kira ga ɗalibai su gwada wannan wasa da ƙannensu, su rubuta launin da yaro ya fara haɗawa da watannin haihuwarsa, su kawo aji a kwatanta. Malamai kuwa sun sami darasin gwaji wanda ba ya bukatar ko kwabo.