Awon gona da kwamfuta: sai iyaka ta rufe ake samun fili



Yau da yawanmu mun saba ganin ma'aikaci ya zo da ƴar na'urar GPS a hannu, ya zaga gona, bayan kwana biyu a kawo takarda mai zane, an rubuta hekta kaza a ƙasa. Wani sai hoton takardar kawai yake gani ta WhatsApp, ya turo kuɗin sayen garkar albasa a kwarin Tarka ko a Majiya. To, yaya ake yi tafiyar ƙafa ta koma zane, zane kuma ya koma lissafi? Kuma a ina kuskure ke shiga?

Daga ɗigo zuwa fili

Na'urar GPS ba ta san gona ba. Abin da ta sani shi ne inda take tsaye, ta hanyar saƙon taurarin ɗan'adam aƙalla guda 4. Duk kusurwar da mai awo ya tsaya ya danna, sai ta ajiye lambobi biyu: na gabas da yamma, da na kudu da arewa. Wannan shi ne ɗigo ɗaya.

Idan ya koma ofis, sai ya juye ɗigogin cikin manhajar zane ta kwamfuta, irin AutoCAD da injiniyoyi ke aiki da ita, ko QGIS wadda kyauta ce. Manhajar ta haɗa ɗigo na farko da na biyu, na biyu da na uku, har zuwa na ƙarshe. Har yanzu dai layi ne kawai, kamar igiyar da aka shimfiɗa a ƙasa. Igiya tana da tsawo, amma ba ta da ciki da waje. Sai an ɗaure bakinta biyu, wato ɗigon ƙarshe ya koma daidai kan na farko, sannan manhajar ke iya cewa nan ciki ne, can waje ne. A lokacin ne take mayar da abin da ke ciki ya zama fili guda, ta shafe shi da launi, ta faɗi girmansa. Masu awo na kiran irin wannan rufaffen zane poligon.

Manoman albasa za su fi kowa ganewa. Fangalin da bakinsa ya karye ba ya riƙe ruwa, ko da karayar ba ta fi yatsa ba. Haka zanen yake. A ido za ka ga kamar ya rufe, amma idan akwai tazara komai ƙanƙantarta, manhajar sai ta ƙi cika shi, ta ce ba ta ga rufaffiyar iyaka ba.

Inda ake cin gonar mutum ba da niyya ba

Ƙin cikawar nan ma alheri ne, don yana tona kuskure. Haɗarin yana wurin gyara. Manhajojin nan suna da umarnin rufewa: da an danna, sai su ja miƙaƙƙen layi daga ɗigon ƙarshe zuwa na farko, ba ruwansu da abin da ke ƙasa.

Mu ɗauki gona mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi. Hekta ɗaya ke nan cif, murabba'in mita 10,000. Kusurwarta huɗu. A ce rana ta yi zafi, ko kwari ya tare hanya, mai awo ya ɗauki kusurwa uku ya bar ta huɗu. Idan ya ce wa manhaja ta rufe, za ta yanko gonar a karkace, ta ba da murabba'in mita 5,000. Zane ya rufe, launi ya cika, takarda ta yi kyau, amma rabin gona ya tafi.

Kuskure na biyu shi ne sarƙewa. Idan aka juye ɗigogin ba bisa jerin da aka bi su ba, layukan sai su gitta juna, zanen ya fito da tsukakken ƙugu kamar kalangu. Lissafin da zai fito daga nan ba abin dogaro ba ne sam.

Na uku, hawa kan maƙwabci. An auna gonarka bana, an auna tasa baɗi, kowace ta rufe lafiya lau. Amma da aka ɗora zane biyun a allo ɗaya, sai ga wani siririn yanki yana cikin duka biyun. Takardu biyu, ƙasa ɗaya. Daga nan rigima ke tashi, wani lokaci sai bayan iyaye sun kwanta dama.

Na huɗu, abin da ke cikin gona amma ba na mai gona ba ne: rijiyar gari, maƙabarta, mashaya. Shi ma sai an zaga shi, an yi masa tasa rufaffiyar iyakar, a cire shi daga lissafi. Burtali kuwa dukiyar kowa ce, dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ba shi kariya. Iyakar gona a bakinsa take tsayawa.

Na'ura ma tana da iyakarta

GPS ɗin hannu ko na wayar salula yakan kauce da kamar mita 3 zuwa 5, ko da sararin sama a buɗe yake. A babbar gona wannan ba wani abin tashin hankali ba ne: in an ƙara mita 3 a tsawo da faɗin hekta, ƙarin bai wuce kashi 6 cikin 100 da ɗan ɗoriya ba. Amma ga garka mai mita 20 a 30, wato murabba'in mita 600, irin wannan kaucewar na iya mayar da ita 759 ko 459. Shi ya sa ƙaramin fili mai tsada yake son a haɗa da awon igiyar mita, ko na'urar ƙwararrun masu awo.

Akwai kuma wani abu da ya shafi yankinmu musamman. Tsarin taswira na UTM ya raba duniya yanki-yanki, kuma layin digiri 6 na gabas, wanda ya raba yanki na 31 da na 32, ya ratsa ƙasarmu daf da garin Madawa da na Buza. Idan ma'aikaci ya zaɓi yankin da ba shi ba, zanen gonar zai faɗa ɗaruruwan kilomita nesa da inda take.

Ga ƴan uwa da ke Najeriya kuma, a kula: ekar da ake sayar da fili da ita a can kusan murabba'in mita 4,047 ce. Hekta ɗaya ta kusa kai irin wannan eka biyu da rabi.

Ba gona kaɗai ba

Tun daga 1984 da aka soma aikin raya karkara na Keita, da tallafin ƙasar Italiya da hukumar FAO, mutanenmu, mata a sahun gaba, suka san aikin farfaɗo da faƙo. Irin wannan aiki da hekta ake ƙirga shi, da hekta kuma ake tsara ramukan rabin wata da irin shuka da ladar ma'aikata. In iyakar wurin ba ta rufe daidai ba, lissafin duka ya karkace. Injiniyoyin madatsun ruwa su kuma suna ƙara lamba ta uku, wato tudun kowane ɗigo. Manhaja ta lulluɓe cikin iyakar da ƙananan zanuka masu kusurwa uku, ta fito da kamannin ƙasa, tudu da gangare, a san yawan ruwan da kwari zai tara.

Abin da ya rage namu

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ita ce tushen hukumomin kula da filaye da muke kira Kofo, daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma, har zuwa ta gari wadda maigari ke shugabanta. Ta hannunsu ake samun takardun shaidar mallakar gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina. Zane na taimaka wa waɗannan takardu, amma ba ya maye gurbin shaidu.

Don haka ranar awo, mai gona ya zo da kansa, ko ya wakilta amintacce idan yana ƙetare. A kira maƙwabta na kowane ɓangare, don ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. A bi iyaka da ƙafa, a tsaya a duk inda ta lanƙwasa: gindin gawo, jerin gamba, shingen aguwa, tarin duwatsu. A soma daga alama tabbatacciya, kada a watse sai an dawo kanta. Idan takarda ta fito, a ƙirga kusurwoyin zanen, a gani ko sun yi daidai da wuraren da aka tsaya. Mai sayen fili daga nesa kuma ya tambayi abu uku kafin ya turo ko dala: wa ya zaga, su wa suka halarta, kuma Kofo ta sa hannu?

Kwamfuta tana rufe layi cikin ƙiftawar ido, amma ba ta san inda kakanninmu suka dasa gamba ba. Wannan sani yana wurinmu, kuma tun kafin ruwan shuka ya sauka ya kamata a yi amfani da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.