Kotun Tsofaffin Sojoji a Amurka: Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Ƙofa?

Daga ranar da soja ya ajiye kaki a Amurka, galibi kotun soja ta gama da shi. In ya yi tuƙi cikin maye, ko aka kama shi da ƙwaya, 'yan sandan gari ne za su tsare shi, lauyan gwamnati na gundumarsa kuma ya gurfanar da shi kamar kowa. Alƙaluman Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar sun nuna cewa tsakanin 2011 da 2012 tsofaffin sojoji kimanin 181,500 ne ke ɗaure, wato kashi 8 cikin ɗari na fursunoni. Wasunsu sun dawo daga Biyetnam, Iraƙi ko Afganistan da firgita, rashin barci da rauni a ƙwaƙwalwa, suka nemi sauƙi wajen giya.

Alƙali Robert Russell na birnin Buffalo a jihar New York ya ga wannan da idonsa. An kawo masa wani tsohon sojan Biyetnam, kai a sunkuye, ko amsa tambaya ba ya yi sosai. Sai ya sa wasu mutum biyu da su ma suka yi soja suka fita da shi suka zanta. Da mutumin ya dawo, sai ya miƙe ƙyam kamar a filin fareti, ya yi alkawarin zai ƙara ƙoƙari. A watan Janairun 2008 Russell ya buɗe kotun tsofaffin sojoji, bisa tsarin kotun masu shaye-shaye da aka fara a Miami a 1989. Yau irinta sun haura 600 a faɗin ƙasar.

Aikin kotun ba lallashi ba ne. Wanda aka karɓa zai shekara ɗaya zuwa biyu yana bayyana gaban alƙali a kai a kai, ana gwada fitsarinsa ba tare da sanarwa ba, yana zuwa asibiti, ga wani tsohon soja ɗan sa-kai da ke tsaya masa. In ya kammala, ana iya soke tuhumar ko a sassauta hukunci. In ya saɓa, ya koma kotun kowa da kowa.

Matsalar tana bakin ƙofa. A wurare da dama sai mai gabatar da ƙara ya yarda kafin a karɓi mutum. Wata gunduma tana karɓar wanda ya yi duka, wata ba ta karɓa. Wata sai ka amsa laifi tukuna. Wanda aka sallama daga soja da baƙin tambari sau da yawa ba ya samun kulawar Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji, alhali wataƙila ciwon ne ya jawo sallamar. Mutum biyu, laifi ɗaya, ciwo ɗaya: wannan a asibiti, wancan a gidan yari, don kawai iyakar gunduma ta raba su.

Masu suka na cewa ana fifita wani rukuni a gaban doka, kuma matar da aka daka tana da haƙƙi komai lambar yabon mijinta. Maganarsu abar saurare ce. Sai dai Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar George Porter ta 2009, ta soke hukuncin kisan da aka yanke wa tsohon sojan yaƙin Koriya saboda lauyansa bai gabatar da abin da yaƙi ya yi masa ba. Sanin tarihin mai laifi na cikin adalci.

Abin da ya rage shi ne jihohi su rubuta ƙa'ida guda ta shiga, alƙali ya zama mai yanke magana, a kuma saurari wanda aka zalunta. Najeriya, wadda sojojinta ke fafatawa a arewa maso gabas tun 2009, ya kamata masu yi mata doka su fara wannan nazari tun yanzu.