Daga rumfar albasa zuwa teburin tantancewa: Wane tsarin CV ya dace da 'ya'yan Hausawan Anacha?

Tun kafin gari ya waye ake fara sauke buhunan albasa, wake da busasshen barkono a Kasuwar Ose Okwodu da ke bakin Kogin Neja a Anacha. Cikin masu ƙirga buhunan da rubuta bashi akwai matasa masu digiri ko babbar difloma, 'ya'yan Hausawan da suka daɗe da zama a garin. Sun gama hidimar ƙasa, aiki bai samu ba, suka koma rumfunan iyayensu.

Ranar da aka tallata gurbin aiki, tambaya guda ce ke tsaya musu a rai: yaya za a rubuta shekarun kasuwa a takardar tarihin karatu da aiki, wato CV?

Tsari uku aka fi sani. Na farko yana jera karatu da ayyuka bisa shekaru, daga na baya-bayan nan zuwa na farko. Na biyu yana gabatar da ƙwarewa, ya sakaya shekaru. Na uku ya haɗa biyun: taƙaitaccen bayanin ƙwarewa a sama, jerin shekaru a ƙasa.

Wanda ya yi shekara huɗu a kasuwa yakan karkata ga na biyu, don yana ganin zai rufa masa asiri. A aikin gwamnati kuwa, nan ne kuskuren yake. Aikin tarayya a kan kwanan wata aka gina shi: mai digiri yana shiga a mataki na 08, ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Jami'in tantancewa zai gwada abin da ke CV da takardar sakandare, ta jami'a, ta hidimar ƙasa da bayanan NIN. Shekarun da aka ɓoye su ne zai fara tambaya. Ko a farkon 2025, da Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ta buɗe shafin neman aiki a intanet, gurabe mai nema ya riƙa cikewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riga ya jera tarihinsa bisa shekaru, kwafewa kawai zai yi.

Akwai kuma batun asali. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta daidaito tsakanin sassan ƙasa wajen rabon muƙamai, kuma a aikace jihar asali ake dubawa, ba wurin haihuwa ba. Wanda aka haifa a Anacha, mahaifinsa ɗan Katsina, sai ya rubuta Katsina da ƙaramar hukumarsa kamar yadda suke a takardar shaidar asali, Anacha kuwa ta zauna a gurbin adireshi.

Ga bankuna da kamfanonin rarraba kaya, tsari na uku ya fi riba. A nan kasuwa abin ado ce. Maimakon “na taimaka wa mahaifina”, sai a rubuta abin da aka yi a zahiri: riƙe littafin shiga da fitar kaya, daidaita farashi da dillalai, bibiyar motoci daga Arewa har Anacha, karɓar bashi. Jin Hausa, Ibo da Turanci ma ƙwarewa ce da ta cancanci layinta. Sai dai a guji kwalliya da akwatuna, domin manyan kamfanoni da dama manhaja ce ke fara tace musu takardu. Hoto da shekarun haihuwa kuma, da aka saba sawa a nan, a Amurka da Ingila ba a son su.

Ga hadimai da jami'an da irin waɗannan takardu ke taruwa a teburinsu a Abuja, akwai abin lura. Idan suka ga “Ose Okwodu” a ƙarƙashin tarihin aiki, ba giɓi ba ne. Shaida ce ta wanda aka ba amanar dukiya tun yana matashi, kuma ya zaɓi ya faɗi gaskiyar inda ya kasance.