Tasirin Sautin Farko a Kan Wanda Ya Biyo Bayansa

Mutane da dama suna zaton kunne tamkar rikoda yake, wato duk abin da ya shiga cikinsa sai ya ɗauke shi yadda ya zo. Ba haka al'amarin yake ba. Martanin da ƙwaƙwalwa ke mayarwa ga kowane sauti ya danganta da sautin da ya gabace shi.

Abin yana somawa tun daga jijiyar ji. Idan ƙara mai ƙarfi ta buge ta, takan ɗan gaji, ta yadda ƙaramin sautin da ya biyo baya nan take ba zai jiwu ba. Wannan gajiya ba ta cika wuce kashi 1 cikin 5 na daƙiƙa ba.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne wanda ke faruwa can cikin ƙwaƙwalwa. A shekarar 1978, masanin nan ɗan ƙasar Finlan, Risto Näätänen, da abokan aikinsa sun bayyana wani gwaji. An manna wa mutane wayoyin awo a fatar kai, ana maimaita musu sauti iri ɗaya, jefi-jefi kuma a sako wani dabam. Duk lokacin da baƙon sautin ya shigo, sai na'ura ta nuna wani motsin lantarki na musamman tun daƙiƙa ba ta kai rabi ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna haka na faruwa ko da hankalin mutum yana kan karatu, har ma ga jariri mai barci. Ke nan ƙwaƙwalwa tana adana abin da ta ji, tana kuma kintatar abin da zai zo. Shi ya sa makwabcin mai injin niƙa yakan manta da ƙararsa, amma da zarar an kashe shi sai ya ɗaga kai.

Ɗalibin Hausa ma yana da rabonsa a nan. A harshenmu, karin sama da ya biyo bayan karin ƙasa yakan ɗan sauka, har a doguwar jimla na ƙarshe yana iya yin ƙasa da karin ƙasan da aka fara da shi. Duk da haka mai sauraro ba ya ruɗewa, domin yana auna kowace gaɓa ne da wadda ta gabace ta. Malamai za su iya gwada wannan a aji: a sa ɗalibi ya faɗi doguwar jimla da baki a rufe, sauran su saurari yadda muryar ke gangarowa.