Wutar Sola a Gida: Lissafi Kafin Saye

Magidanta da yawa, in ɗaukewar wuta ta ishe su, sukan sayo farantin sola da batir a kafa musu. Makon farko sai murna. Kafin a cika wata shida, ƙarfe goma na dare fanka ta tsaya, batir ya mutu, a shiga zargin mai kaya. Sau da yawa kuwa kayan ba su da laifi, lissafi ne ba a yi ba tun farko.

Shi wannan lissafi daga cikin ɗaki yake somawa. Kowane kayan lantarki yana ɗauke da lambar da ke nuna ƙarfin wutar da yake ja, wanda ake aunawa da wat. In aka ninka lambar da yawan sa'o'in da yake aiki, an sami abin da yake ci a yini, wato wat-awa. Alal misali, ƙwan fitila 6 masu wat 10 a sa'a 5 za su ci 300. Fanka 2 masu wat 60 a sa'a 8 za su ci 960, talabijin mai wat 80 a sa'a 4 kuma 320. In an ba ƙaramin firji 1,000, jimla ta kama wat-awa 2,580. Da yake wani abu yakan salwanta a wayoyi da wajen caji, sai a ƙara rubu'i a kai, ya zama kimanin 3,200.

To, faranti nawa zai samar da wannan? Rana takan yi kusan sa'a 12 a sama, amma ta sassafe da ta la'asar sakaliya ba su da ƙarfi. In aka tattara hasken yini guda a Kano ko Damagaram, daidai yake da sa'a 5 zuwa 6 na rana tsaka. Mai hankali da 5 zai yi aiki, saboda giragizan watan Agusta da hazon hunturu. Raba 3,200 gida 5 ya ba da wat 640, ke nan faranti 2 masu wat 400 sun wadatar. Rarar ba asara ba ce, domin farantin haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi.

Batir shi ne inda kuɗi suka fi nutsewa. Mai bolt 12 da amfiya-awa 200, a takarda yana riƙe wat-awa 2,400. Sai dai in na dalma ne, irin wanda ake zuba wa ruwa, rabin wannan kaɗai ya kamata a taɓa. Tatse shi ƙarƙaf kowane dare shi ne yake kai shi kushewa da wuri. Saboda haka gidan da ke cin 2,000 daga magariba zuwa hantsi yana bukatar irinsa guda 2, kuma ko da su babu tanadi don ranar da hadari ya wuni. Batirin litiyam yana jure a kwashe kashi 80 cikin 100 ko fiye, ya kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba. Tsadarsa ta ranar saye ce.

Ita kuwa inbata, wadda ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ana auna ta da jimlar kayan da za a kunna lokaci guda, tare da tuna cewa firji yakan fizgi ninkin ba ninkin wutarsa a lokacin da zai tashi. Dutsen guga shi kaɗai yakan ja wat 1,000, gara a bar wa na gawayi aikinsa.

Wurin ajiya ma yana cikin lissafin. An ƙayyade kwanakin batirin dalma a zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yakan zaftare kusan rabinsu. Wanda aka kulle a ɗakin kwano marar taga cikin bazara, ko an auna shi daidai, ba zai kai shekarun da aka rubuta masa ba.